Kwanakin da Ila Bai Dawo Ba

Duk wanda ya zauna a unguwar bayan tasha a Gure ya san Yabawa mai ɗinki. Doguwa ce, baƙa, marar jiki, tana da tsagar Gobirawa a kumatu. Kekenta na ɗinki yana ƙarƙashin rumfar zana a ƙofar ɗaki, kuma tun daga bakin lungu ake jin ƙararsa. Ba ƴar garin ba ce. A wani ƙauye kusa da Tsibiri aka haife ta, cikin gidan manoma da suka karɓi addinin Kirista tun zamanin kakanta. Ba a sa ta lakwal, wato makarantar boko, ba, amma ta koyi karatun Hausa a ajin majami'a, a kan tabarma, tana goye da ƙanenta.

Tana budurwa yayanta ya tafi Libiya neman aiki. Ya aiko gaisuwa sau ɗaya, daga nan shiru. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba, har uwarsu ta koma ga Allah tana tambayar matafiya. Tun daga lokacin Yabawa ta zama mai zullumi. In wani nata ya fita, hankalinta yana bakin ƙofa sai ya shigo.

Sai kuma Allah ya haɗa ta da mijin da aikinsa tafiya ne. Ila mai gyaran famfo ne, irin famfunan ƙauye na tuƙa-tuƙa da na hasken rana. Aikin ne ya kawo su Gure, da niyyar su yi shekara ɗaya ko biyu su koma gida. Suka zo da ƴarsu Salima a goye. Ga shi Salima ta girma har tana karatun aikin likita a Damagaram, su kuwa suna nan.

Kiristocin Gure ba su da yawa, kuma akasarinsu ma'aikata ne: malaman lakwal, sojoji, ma'aikatan likita. Yau an kawo wannan, gobe an ɗauke wancan. Yabawa ce ba ta motsawa, don haka ba tare da wani zaɓe ba ta zama uwar zumuntar mata. Kowace Laraba da la'asar mata kan taru a tsakar gidanta, su yi waƙa, ta karanta masu wani wuri cikin Littafi Mai Tsarki, su yi addu'a, su watse kafin magariba.

Ɗinki ya ci mata ido. Ƙananan baƙaƙen littafinta suka fara haɗewa, har takan miƙa shi nesa tana ƙanƙance ido. Da Salima ta zo hutu, sai ta sa mata Littafi Mai Tsarki cikin waya, wanda ake ƙara girman rubutunsa, kuma in an taɓa wani wuri murya ta karanta da Hausa. Kowace safiya wayar kan yi ƙara ta fito da aya ɗaya. Yabawa ta saba da hakan. Takan saurari ayar tana hura wuta, ta riƙe ta a ranta, ta hau keke. Sauran abubuwan da ke cikin wayar ba ta taɓa su, don tsoron kada ta ɓata wani abu Salima ba ta kusa.

A wata bazara mai zafin gaske, famfon wata rijiyar makiyaya ya mutu can arewa, hanyar Teskar. Ɗan kwangilar da Ila ke yi wa aiki ya tura shi da motar kat-kat cike da bututu. Direban motar Aisami ne, Babarbare ɗan garin, wanda suka daɗe suna tafiya tare.

“Alhamis muna gida, in Allah ya yarda,” in ji Ila yana ɗaure takalmi. “In kin kira ba ki same ni ba, kada ki tada hankalinki. Kin san can babu razo, waya ba ta shiga.”

“Na sani, Baban Salima. Allah ya kiyaye hanya.”

Alhamis ta zo ta wuce. Yabawa ta gaya wa kanta aikin ne ya yi gardama. Juma'a ta wuce, Asabar ta wuce. Ta kira wayarsa har ta haddace muryar matar da ke cewa ba a samun mai lambar. Ta dafa tuwo ta rufe masa nasa, da safe ta ɗumama ta ba kaji. Ta zauna kan keke, ta ɗinka hannun riga a baibai, ta warware, ta sake ɗinka shi a baibai.

Ranar Lahadi bayan sujada ta tarar da Fa'iza, matar Aisami, a ƙofar gidanta. Ƙaramar mace ce, ga tsohon ciki, idanunta sun kumbura.

“Inna, kin ji wani abu?”

“Ban ji ba, ƴata. Shigo ki zauna, rana ta yi zafi.”

Maƙwabciyar Yabawa, Ummul Kulsum, ta leƙo ta kan katanga, ta gan su, ta zagayo da kwanon fura. Ita Badamagariya ce, mijinta yana da kanti a kasuwa, kuma ita da Yabawa sun yi shekaru suna aron turmi da gishiri a tsakaninsu. Daga ranar ba ta sake barin su su kaɗai ba. Ta sa mijinta ya riƙa tambayar direbobin da ke sauke kaya. Ɗan kwangila ya kai magana jandarmari, wajen jami'an tsaro, aka ce an sanar da na Teskar, ana nema.

Labarai kuwa suka fara shigowa gidan ba sallama. Wannan ya ce an ga motar a Kelle. Wancan ya ce injin ne ya buga suna jiran kayan gyara. Wata mai tallan nono ta ce ta ji ƴan bindiga sun tare hanya a makon. Kowane labari ya shigo, Yabawa sai ta tashi ta zaga bayan ɗaki ta dawo. Ta daina cin abinci. Abin da ya fi ci mata rai shi ne tunanin uwarta. Ta ga kanta ta tsufa a bakin tasha tana tare matafiya.

Faston nasu yana Damagaram wajen taro. Ya kira ta, ya yi mata addu'a ta waya, sannan ya ce kada ta fasa taron Laraba. Ya faɗa mata wurin da za ta karanta wa mata, cikin wata gajeriyar wasiƙa ta ɗaya daga cikin manzannin Littafi Mai Tsarki, inda yake gaya wa masu bi su yi murna kullum, kada su damu da komai. Ta ce to, don ba ta iya yi wa fasto musu. Ta kashe wayar.

Washegari da safe wayar ta yi ƙara, kuma ayar da ta fito daga wannan wurin ne. Yabawa ta tsaya da muciya a hannu tana jin muryar tana karantawa a natse, kamar mai ba da labarin farashin gero. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa yi wa maganar Allah ba. Ta ce a zuciyarta, wanda ya rubuta wannan yana zaune ne a inuwa, nasa duka suna gida, cikinsa a ƙoshe. Da matarsa ce, ko ɗansa, ya ɓace cikin rairayi, da bai ce haka ba. Nan take tsoro ya kama ta don abin da ta raya, ta kife wayar cikin kwandon ƙyalle.

Da hantsi ta ɗauko ta da niyyar hana ta wannan ƙarar ta safe. Ba ta san inda ake yi ba. Ta danna nan ta danna can, sai yatsanta ya sauka kan wani ɗan zagaye kusa da sunan wasiƙar. Wani shafi ya buɗe wanda ba ta taɓa gani ba. A samansa an rubuta: wane ne ya rubuta, daga ina, kuma zuwa ga su wa. Ta taɓa alamar murya.

Muryar ta ce manzon yana kurkuku sa'ad da ya rubuta wasiƙar. Yana ɗaure, soja na gadinsa, yana jiran shari'ar da bai san ko za ta ƙare da saki ko da kisa ba. Ta ce masana sun rabu a kan ko wane gari ne aka tsare shi, wasu sun ce wannan, wasu sun ce wancan, amma babu gardama a kan cewa a ɗaure yake. Ta ce mutanen da ya rubuta wa ƴar ƙaramar jama'a ce a wani gari mai nisa, ba masu wadata ba, kuma sun aiko masa da wani mutum nasu ɗauke da taimako. Mutumin ya kwanta ciwo a can har ya kusa mutuwa, labari ya kai gida, nasa suka shiga damuwa.

Yabawa ta zauna a bakin ƙofa. Sunan manzon ta san shi tun tana yarinya, ta kuma san an sha kama shi. Amma ba ta taɓa haɗa waɗannan ayoyi da kurkuku ba, don a gutsure take jin su, yau ɗaya, wata mai zuwa ɗaya. Ta koma farkon wasiƙar ta sa muryar ta karanta mata ita gaba ɗaya. Ta ji shi da bakinsa yana ambaton sarƙarsa. Ta ji inda yake cewa ɗan aiken nan hankalinsa ya tashi don ya san an ji ciwonsa a gida. Ta ji inda manzon yake cewa zai hanzarta mayar da shi gare su, domin su gan shi su yi murna, shi ma nauyin da ke ransa ya ragu. Ta tsayar da muryar, ta mayar da ita baya, ta sake saurara. Ashe shi ma yana da nauyi a rai, kuma bai ɓoye ba.

Ummul Kulsum ta shigo ta same ta hawaye na zuba, wayar a cinya. Ta dafe ƙirji.

“Innalillahi! Maman Salima, labari ya zo?”

“Babu labari, Yaya. Karatu nake ji.” Ta share fuska da bakin zane, ta ba ta labarin abin da ta samu, har da ɓacin ran da ta yi da safe.

Ummul Kulsum ta gyara zama. “Ai mu ma haka malamanmu suke yi. In an kawo magana, sai sun tambaya wa ya faɗa, daga wa ya ji, wane irin mutum ne. To yanzu kin ji sauƙi?”

“Sauƙi kam a'a. Tsoron yana nan yadda yake. Amma na daina jin kamar ana yi mani faɗa.”

Ba su rufe baki ba Fa'iza ta faɗo gidan ba mayafi, tana kuka tana magana da Barbarci da Hausa a haɗe. Da ƙyar suka gane. An ce a tasha an tsinci gawa biyu a arewa. Yabawa ta dafa bango. Duhu ya gilma mata. Ta ɗan jima a haka, sannan ta ji bakinta yana tambaya.

“Wa ya faɗa?”

“A tasha ake faɗa, Inna.”

“Tasha ba ta magana. Wane ne, da sunansa?”

Fa'iza ba ta sani ba. Yabawa ta ɗauki mayafi. Suka bar Fa'iza wajen surukar Ummul Kulsum, su biyu suka fita cikin rana tsaka, rairayi na ƙona masu ƙafa ta cikin silifa. A tasha wani ɗan kamasho ya ce shi daga mai shayi ya ji. Mai shayi ya ce shi bai ce gawa ba, cewa ya yi Allah ya sa ba gawa za a tsinta ba, kuma wani mai kanwa ne ya kawo zancen. Mai kanwa yana bakin kasuwa yana ɗaure buhu. Ya ce shi bai je arewa ba, wani Batube ne, makiyayin hamada, da ya kawo raƙuma ya ba da labari jiya. Duk inda suka tsaya Yabawa tana jin kamar na gaba ne zai ce ya gani da idonsa.

Suka sami Batuben a kasuwar dabbobi, zaune a inuwar raƙuminsa, dattijo mai rawani fari. Hausarsa kaɗan ce, wani dillali ya yi masu tafinta. Yabawa ta durƙusa ta gaishe shi.

“Baba, abin da ka gani da idonka kawai nake so, ko mai daɗi ko marar daɗi.”

Dattijon ya dube ta, ya yi magana a hankali. Ya ce bai ga gawa ba, bai ga jini ba. A wani kwari ya ga bututun famfo a zube da akwatin ƙarfe a buɗe. Ya ga sawun motoci biyu sun nufi gabas. Ya ga sawun mutum biyu a ƙasa sun nufi kudu, ɗaya yana jan ƙafa. Bai bi su ba, don ruwansa ya kusa ƙarewa. Da aka tambaye shi ko akwai rijiya ta wajen, ya ce akwai, in sun san hanya. In ba su sani ba, Allah ne masani.

Yabawa ta yi godiya. Suka biya jandarmari tare da dillalin aka faɗi wurin. Suka kama hanyar gida. Daga sawun nan sun san an sauke Ila da Aisami daga motar da rai, sun kuma san abin da bazara ke yi wa mai tafiya a ƙasa ba ruwa. Yabawa ta gaya wa Fa'iza duka biyun, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Laraba da la'asar mata suka zo, har da waɗanda suka daɗe ba su zuwa. Aka yi waƙa murya ƙasa-ƙasa. Kowa na satar kallon Yabawa. Ta ɗauki wayar, amma ba ta fara da wurin da fasto ya ce ba. Ta buɗe shafin nan ta ɗaga wayar sama suka saurara har ƙarshe. Sannan ta sa aka karanta ayoyin.

“Jiya na yi fushi da wannan magana,” ta ce. “Na ɗauka ta mai ƙoshi ce. Ban san ɗaurarre ne ya faɗa ba. Ni ban iya abin da ya ce ba, ba zan yi maku ƙarya ba. Tun da Baban Salima ya tafi ban yi barcin kirki ba. Amma mutumin da bai san ko zai kwana da kansa a wuyansa ba, in ya ce mani in kai damuwata gaban Allah, zan saurare shi.”

Wata matar soja, wadda mijinta ke can gabas wajen Difa, ta rufe fuska da mayafi. Ta ce ita ma duk ranar da aka karanta wurin nan ji take kamar an ce bangaskiyarta ce ba ta cika ba, shi ya sa ta daina zuwa. Yabawa ta fara addu'a, a tsakiya ta kasa ci gaba. Matar sojan ce ta ƙarasa.

Aka ƙara kwanaki babu labari. Salima ta baro karatu ta zo, ta tarar uwarta ta rame har zobe na zamewa daga yatsanta. Yabawa takan zauna gaban keke ba ta taka shi, ta sa wasiƙar tun daga farko, ta ƙare ta sake. Wani lokaci tana ji, wani lokaci muryar tana yi ita hankalinta yana kan sawun da ke jan ƙafa, tana tambayar kanta na wane ne cikinsu.

Wata ranar kasuwa da azahar, babbar motar ƴan kasuwa da ta taso daga Kelle ta tsaya a bakin lungunsu maimakon ta wuce tasha. Yabawa ta ji tsayuwarta, ta ji hayaniya, ta kasa tashi. Salima ce ta fita da gudu. Sai ga mutane sun shigo riƙe da Ila ta kafaɗu biyu. Ya yi baƙi ƙirin, leɓunansa sun tsage, ƙafafunsa naɗe da tsumma. Yabawa ta dube shi kamar baƙo. Ya buɗe baki, muryar ba ta fita sosai.

“Maman Salima, akwai kunu?”

Ta tashi za ta nufi madafa, sai ta zube a ƙasa tana kuka. Ummul Kulsum ce ta dama kunun.

Daga baya aka ji yadda abin ya faru. Wasu mutane da bindigogi ne suka tare su kafin su kai rijiyar, suka watsar da kayan aiki, suka tafi da motar da wayoyinsu. Aisami ya yi gardama, suka doke shi da gindin bindiga a ƙugu. Shi ne mai jan ƙafa, kuma shi ne ya san inda wata rijiya take. Suka riƙa tafiya da sanyin safiya, su fake in rana ta ɗaga, har suka faɗa hannun wasu Fulani masu shayar da shanu. A rugarsu zazzaɓi ya kwantar da Ila, ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Aisami ya ƙi tafiya ya bar shi. Da ya farfaɗo aka ɗora su kan jakuna zuwa hanyar mota.

Ila ya yi jinya har damina ta sauka. Aisami bai sake tuƙi ba, ƙugun bai koma daidai ba. Ya karɓi lambun mahaifinsa a wani kwari ta wajen Bune, yana noman rogo da albasa a ƙarƙashin dabinai. Fa'iza ta haihu lafiya, mace.

Yabawa ta roƙi Ila ya bar aikin ƙauye. Bayan kwanaki ya ce mata famfon nan har yanzu a mace yake, kuma mutanen da suka ɗauke shi daga ƙasa irin wannan ruwan suke sha. Abin da ta samu kawai shi ne alkawarin ba zai sake tafiya mota ɗaya ba, sai cikin ayarin ranar kasuwa.

Ran da zai koma, tun da safe ta kasa karyawa. Ta samo jarka babba ta ɗinka mata rigar buhu, ta jiƙa ta don ruwan ya yi sanyi, ta cika ta har baki. Ila ya ɗaga ya ajiye.

“Wannan ai ta fi akwatin aikina nauyi. Akwai ruwa a motar.”

“Wannan ba ta mota ba ce, taka ce. A gefen ƙafarka za ka ajiye ta.”

Ya dube ta, ya saɓa jarkar a kafaɗa. Ta raka shi har bakin lungu, ta tsaya har motar ta sha kwana. Sannan ta dawo ciki, ta jawo atamfar da Fa'iza ta kawo a yi wa jaririya riga, ta shimfiɗa ta kan tabarma ta fara yanka.